Igiya a Wuyan Hannu

A shekarun da mutanen Barno suka yi ta shigowa Gombe da ƙullin kayansu, Allah ya haɗa ni da wani dattijo Babarbare da ya kama ɗaki a Gabukka, shi da matarsa. Masunci ne tun kakanni, rikici ne ya taso shi daga bakin tafkin Chadi. A cikin garinmu kuwa babu ruwan da ya wuce na kwari in damina ta sauka, sai ya koma ɗinkin hula da wankinta a gindin wata bishiyar maina, kusa da masallacin da nake zuwa karatu bayan la'asar. Hula na kai masa wanki ranar farko. Ya juya ta, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Fulata, wannan hula ce ko faifan rufe nono?"

Na ce, "Bawa, wanke ka yi shiru."

Daga ranar muka ƙulla. Wasan Bafillace da Babarbare gado ne, mun tarar da shi, amma namu ya yi yawa. Shekara shida muna tare ban tuna ranar da na faɗa masa magana miƙaƙƙiya ba, shi ma haka. Ko da yayana ya rasu ya zo mini gaisuwa, da aka shafa addu'a sai da ya matso kunnena ya ce an rage masa bawa ɗaya.

A wuyan hannunsa na dama akwai wani baƙin zobe, fatar wurin ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Na tambaye shi ko tabon marin da ake ɗaure bayi ne tun na kakanninsa. Ya yi dariya, ya ce tabon giwan ruwa ne. A tafki, in ji shi, ba a riƙe igiyar fatsa a tafin hannu. Zarge ake yi mata a zura a wuyan hannu, hannaye biyu su samu damar tuƙi. In kifi ya kama sai ka bar shi ya ja ka, kai da kwale-kwalen, ya yi ta yawo da ku a kan ruwa har ya gaji ya juyo da cikinsa sama.

"Tafki faranti ne, Fulata. Kifi ba shi da inda zai nutsa. Gaba kawai zai yi."

Duk lokacin da ya kawo wannan labari sai in ƙaryata shi. In ce, "Kifin da ya fi ka tsawo? Kai da ko karfasa ban taɓa gani a hannunka ba sai allura?" Masu jiran hula su kwashe da dariya, shi ma ya yi. Shekara da shekaru ina maimaita masa wannan magana, ban taɓa tsayawa na duba fuskarsa bayan dariyar ta wuce ba. Ni na ja shi zuwa ruwan nan, da bakina.

Wata shekara, sanyi ya fara janye jiki, mangwaro ya fara 'ya'ya, zafi bai kankama ba tukuna, sai ya ce mini, "Gobe ka zo da cokalin shayi. Na ƙarfe mai nauyi, ba irin naku na talakawa ba."

Na ɗauko ɗaya daga kwandon uwargida na kai masa. Ya ture huluna gefe, ya sa zarto ya yanke mariƙin, ya bar kan kawai. Ya huda shi da ƙusa sama da ƙasa. Ya ɗora shi a kan dutse ya ɗan doke gefe ɗaya da guduma har ya karkace kaɗan, ya ce in ya miƙe sarai zai tafi a ruwa kamar ɗan kifi mai lafiya, giwan ruwa kuwa ba mai lafiya yake nema ba. Ƙugiya uku ya haɗa baya da baya, ya naɗe su da siririyar waya, ya rataya a hudar ƙasa, ya ɗaura musu jan zare daga cikin zaren hularsa. A hudar sama ya sa wayar birkin babur kamu ɗaya, domin kumatun giwan ruwa suna da kaifi, suna yanke igiya. Cikin cokalin ya goge da toka har ina ganin idona a ciki. Bayan kuma ya bar shi da duhunsa.

Na zaro takarda ina rubuta abin da yake yi da ajami, kamar yadda na saba in na ga sana'ar da ban sani ba. Ya leƙo ya ce, "Rubuta da kyau, ko jikokinka sa san akwai abinci bayan nono."

Gwajin cokalin a Tumfure muka yi shi. Surukina yana gini a can tsakanin gonaki, magina sun haƙa ramin siminti mai zurfi suna tara ruwa. Muka sha doguwar tafiya a keke mai ƙafa uku, muka tarar ba kowa. Ruwan ya yi kore, ba a ganin ƙasansa. Ya tsuguna a baki ya jefa cokalin, ya fara koya mini.

Ya ce wata uku ruwa yana kwana da sanyi, babban kifi yana can ƙasa jikinsa a mace. Yanzu rana ta fara ɗumama duwatsun gefe, ƙananan kifaye suna hawowa su sha ɗumi, shi kuma yunwa ta ishe shi amma ƙarfin bin mai gudu bai dawo masa ba. Don haka a wannan lokaci ba a sauri. Ka ja igiya gaba uku a hankali, ka saki, ka yi salati ɗaya cikakke kafin ka sake ja.

"Gurgu yake so," in ji shi. "Dubi."

Ya ja, ya saki. Cokalin ya kwanta a gefe ya fara gangarawa yana layi, ya walƙa, ya ɓace, ya sake walƙawa can ƙasa, ya ɓace. Wallahi da ban ga lokacin da aka yanke shi ba, da na rantse ɗan kifi ne yake mutuwa.

"A faɗuwar nan yake kamawa. Ba ya gargaɗi."

Ina kallon ruwan, da na waiwayo sai na ga igiyar tana wuyan hannunsa. Ban ga lokacin da ya yi zargen ba, ina jin shi ma bai sani ba, hannun ne ya yi abinsa. Da zai tashi kuma sai da ya dafa bulo, ya yi yunƙuri biyu. Ya haura saba'in a lokacin.

Ana gobe za mu tafi dam ɗin Dadin Kowa, inda ya ce zai kamo giwan ruwa in gani da idona, na biya gidansa da hantsi, na tarar ya fita neman dalmar da zai ƙara wa igiya nauyi. Na juya ke nan sai matarsa ta yi magana daga bayan labule. Ban taɓa jin muryarta fiye da gaisuwa ba.

"Malam, don Allah ɗan tsaya."

Na tsaya.

"Gobe kada ka bari ya ɗaura igiyar nan a hannu. Ƙaninsa haka ya tafi. Ba a cikin tafki ba, a bakin kogi, inda ruwa yake da zurfi. Kwana biyu ana nema. Da aka same shi igiyar tana hannunsa." Ta ƙara da cewa, "Ni na faɗa, bai ji ba. Da hannun nan muke ci, Malam. Ba mu da kowa a garin nan."

Na ce mata in Allah ya yarda ba zai ɗaura ba. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Bayan la'asar na same shi a gindin maina yana naɗe igiya a jikin katako. Igiyar roba ce fara, kaurinta ya kai tsinken tsintsiya. Na zauna, na shirya maganar a cikina tsaf. Da na buɗe baki ga abin da ya fito: "Bawa, gobe ban yarda ka ɗaure kanka ba. Ba na son a ce na kai bawa ruwa na dawo hannu biyu."

Ya ce, "A'a, tsoro ya fara tun daga tudu? Ka taho da gorar nono ka rungume, in mun kife ta fitar da kai."

Aka yi dariya. Na sake gwadawa da za mu rabu, maganar ta sake fita a wasa. Abin da ya kamata in yi na san shi. In kama hannunsa, in kira shi da girmansa, in ce na san labarin ƙaninka. Kunya ta hana ni. Shekara shida ban taɓa yi masa magana haka ba, sai na ji kamar zan tuɓe riga a kasuwa. Na ce a raina gobe a bakin ruwa zan faɗa.

Muna idar da sallar asuba muka shiga mota ta hanyar Biu. Rana ta ɗan ɗaga muka isa. Akwai wani masunci a can da yake kawo masa hula wanki, shi ya ba mu aron kwale-kwale. Da ya ji inda muka nufa, ya nuna wasu duwatsu da haɓa, ya ce, "Baba, bayan duwatsun can daji ne da, kafin a tare ruwa. Itatuwan suna nan a tsaye a ƙasa. Mu ko raga ba ma sawa a wurin."

Abokina ya ce, "To ai can babban yake kwana."

"Yana can kam. Amma nan ba irin ruwanku ba ne, Baba. Wannan rijiya ce."

Abokina ya yi murmushi irin na wanda yaro yake koya wa sana'ar ubansa, ya ce in shiga.

Ban iya iyo ba, ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai ranar. Na zauna a gaba na riƙe katako da hannu biyu, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ruwan gefe ja-ja ne, ana ganin yashi. Muna wuce duwatsun sai ya koma baƙi. Nan da can kan busasshen reshe ya leƙo, fari fat kamar ƙashi, wani baƙin tsuntsu yana zaune a kan ɗaya ya buɗe fukafukai, ko motsi bai yi ba da muka wuce. Hayaniyar masu wanki a bakin gaɓa ta yanke. Ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa daga filafilin da yake tuƙi da shi.

Ya warware igiya ya tara ta a gaban ƙafafunsa, ya jefa cokalin. Na ce, "Ba ni igiyar in riƙe, kai ka yi tuƙi."

"Kai ka riƙe? In ya fizga ai sakin za ka yi ka kama salati."

"To ba ni filafilin."

Ya miƙo mini. Na tsoma, na ja, kwale-kwalen ya juya kamar dutsen niƙa. Na sake, ya juya ta ɗaya gefen, muka nufi wani reshe. Ya yi dariya har da tari, ya karɓe abinsa. A wurin karɓar ne ya zura zargen a wuyan hannunsa. Na gani da idona.

Na ce, "Bawa ya koma marinsa."

Ya ce, "Ya saba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Muka daɗe. Ya kan tuƙa kaɗan ya tsaya, ya ja gaba uku, ya saki, leɓɓansa suna motsi da salati, ya sake ja. Ya bi gefen duwatsun da rana ta fi duka, ya dawo, ya sake bi. Hantsi ya yi, katakon da nake zaune ya fara zafi. Har na fara samun natsuwa, ina cewa a raina Allah ya sa mu koma haka, in yi ta tsokanarsa har shekara ta zagayo.

Ya saki, ya fara salati, bai kai ƙarshe ba. Igiyar da ke gabansa ta fara gudu tana shiga ruwa da wani sauti kamar ana yaga yadi. Kafin in ce wani abu ta ƙare, ta miƙe, hannunsa ya tafi gaba. Kwale-kwalen ya zabura.

"Ka gani, Fulata? Ka gani?"

Na gani. Muna tafiya a kan ruwa ba mai tuƙi, iska tana dukan fuskata, shi kuma ya kafa ƙafa a katako yana dariya, fuskarsa kamar an cire mata shekara talatin. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ɗan lokaci kaɗan haka abin ya kasance.

Sai igiyar ta fara miƙewa tsaye. Da tana shiga ruwa can nesa a gabanmu, sai ta matso, ta matso, har ta koma tana shiga daidai gefen kwale-kwalen, kai tsaye ƙasa. Tafiyar ta tsaya. Dariyarsa ma ta tsaya. Hannunsa ya bi ta, gwiwar hannu ta shiga ruwa, kafaɗarsa ta dafe bakin jirgin, jirgin ya karkata har ruwa ya fara zubowa a kan ƙafafuna. Kifin ya nutsa cikin itatuwan nan ya naɗe igiyar a jikinsu. Yanzu ba da kifi yake ja ba, da bishiya yake ja, iska kuma tana tura mu gefe.

Akwai 'yar wuƙar da nake feƙe alƙalami da ita, kullum tana aljihuna. Na zaro ta.

Ya ce, "Kada ka taɓa, Fulata. Zai fito."

Na tsaya. Wannan tsayuwar ita ce har yau nake neman gafarar Allah a kanta. Jira nake ya ce yanke. Shi kuwa ba zai iya cewa yanke a gabana ba, bayan shekara shida ina ce masa maƙaryaci. Ina kallonsa, yana kallon ruwa, jijiyoyin wuyansa sun fito. Duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga jirgin sai gemunsa ya tsoma. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai ruwan da ke cikin jirgin ya rufe idon sawuna.

Sai na ji ya fara magana da Barbarci a hankali, ba da ni ba. Ba na jin harshen, amma kalmar shahada da ta biyo baya na ji ta.

Na rarrafa a kan gwiwa, jirgin yana neman kifewa. Na kwanta a bayansa, na zura hannuna cikin ruwa har kafaɗa, na bi damtsensa na wuce yatsunsa, na taɓa igiyar. Kamar ƙarfe take. A cikinta na ji wani abu yana bugawa daga can ƙasa, a hankali, mai nauyi. Na ɗora wuƙa na yi ta gogawa, tana zamewa, ina mayarwa. Da ta tsinke muka faɗa baya mu biyu, jirgin ya yi tangal-tangal ya daidaita.

Hannun ya yi baƙi ya kumbura, yatsun a sandare. Zargen ya nutse cikin nama har ba a ganinsa, sai da na yanka fata kafin na samu na cire shi. Na yage rawanina na ɗaure wurin. Ya kwanta a cikin ruwan jirgin yana numfashi, idonsa a sama. Can ya ce, da wata murya ƙarama, "Ka zubar mini da cokali." Kifin kuwa ko bayansa ba mu gani ba.

Da hannun hagu ya riƙa nuna mini yadda zan tsoma filafili, har masuncin nan ya hango mu ya zo ya ja mu gaɓa.

A asibiti aka ɗinke, aka ce jijiya ta taɓu. Ciwon ya warke cikin wata biyu, amma babban yatsa da manuni ba su dawo ba. Ba sa riƙe allura. Ɗinki ya ƙare, sai wanki kawai, shi ma da hagu. Matarsa ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Duk zuwan da na yi tana gaishe ni daga bayan labule kamar da, ba ta taɓa tambayata komai ba.

Da shekara ta zagayo, sanyi ya fara tafiya, sai ga shi a gidana a Hammadu Kafi. Muka zauna a zaure. Ya zaro sabon cokali daga aljihu, wani maƙeri ya yanke masa ya huda, da igiya a naɗe. Ya miƙo mini hannun hagu.

"Yatsun nan ba sa ƙulli. Yi mini zarge daidai nan, Fulata, in ajiye."

Na ce, "Baba, wallahi tallahi ba zan ƙulla ba. Na san yadda ƙaninka ya rasu. An roƙe ni in hana ka, na kasa buɗe baki. Kifin nan akwai shi, na ji shi da hannuna, ni ne maƙaryaci. Don girman Allah ka bar shi."

Ban taɓa ce masa Baba ba. Ya dube ni kamar na mare shi. Sannan ya naɗe igiyarsa a hankali ya mayar aljihu.

Ya ce, "Ba don kai zan koma ba, Malam."

Ya sa takalmi ya fita. Tun daga ranar gaisuwa muke yi irin ta mutane, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Masu jiran hula sun daina jiran dariya in na zo.

Bai koma ba a waccan shekarar, bai koma ba a ta bayanta, don babu mai ƙulla masa. Na bi duk wanda na san zai iya roƙo na gaya masa kada ya ƙulla. Amma duk lokacin da sanyi ya fara janyewa, ina idar da asuba nake hawa keke zuwa Gabukka in duba ko yana gindin maina. In na hango farar hularsa sai in ce wa mai keke ya juya.

Shekaranjiya na sauka na ƙarasa. Na same shi shi kaɗai, huluna a jiƙe a cikin baho bai taɓa su ba. Bakin igiya yana tsakanin haƙoransa, ɗaya bakin a hannun hagu, yana gwada zarge. Ya gan ni, bai ɓoye ba. Ya kwance, ya sake farawa. Ya kusa iyawa.